Kunu, Cokali da Haƙuri: Yadda Jariri Ke Fara Cin Abinci

Shugaban wannan zama, malamai, ma'aikatan lafiya, da iyayenmu mata da suka baro hidimar gida suka zo, sannunku da zuwa.

Maganar lokacin fara ba jariri abinci ba ta da tsawo. Tun shekarar 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kan wata shida na nonon uwa zalla, ko ruwa ba a haɗawa, domin mafi yawan nonon ruwa ne, ya ishi jariri ko da a zafin bazara. Bayan wata shida, sinadarin ƙarfe mai gina jini da aka haife shi da shi ya fara ƙarewa, nono kaɗai ba ya cike giɓin, sai a kawo abinci. Shayarwa kuwa ta ci gaba har shekara biyu, wa'adin da muka daɗe da sani daga aya ta 233 a Suratul Baƙara.

Abin da ke damuna shi ne abin da ke cikin kofin. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 57 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Arewa maso Yamma sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Wannan fa yankin gero ne da wake da gyaɗa! Talauci na da hannu, ba mai musun haka, amma akwai kuma tsinkakken koko. Cikin ɗan wata bakwai bai wuce ƙaramin kofin shayi ba. Idan aka cika shi da ruwan kamu, yaro zai yi gyatsa ya yi barci, uwa ta ce ya ƙoshi, alhali babu abin da ya shiga jikinsa. Kunun jariri ya yi kaurin da idan an karkata cokali ba zai zube nan take ba. A gasa gero da waken suya da gyaɗa, a niƙa tare, a dama. A zuba ɗan manja ko man gyaɗa, da garin zogale ko na busasshen kifi. A dafa kabewa ko dankali a murƙushe. A ba shi ƙwai dafaffe. Zancen nan na cewa ƙwai na sa yaro sata ya cuci 'ya'yanmu da yawa, ya kamata mu binne shi. A ba shi abinci sau biyu zuwa uku a rana tsakanin wata shida da takwas, sau uku zuwa huɗu daga wata tara. Zuma dai a dakata sai ya shekara, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri bai iya yaƙa ba. Gyaɗar da ta yi funfuna a zubar, kada a ce asara.

Yanzu bari in zo kan ɗura, domin ita ce ta kawo ni. Kowa a nan ya taɓa gani: a kwantar da jariri a cinya, a toshe masa hanci, a tara hannu a bakinsa a riƙa kwarara kunu, yana shure-shure yana haɗiya don neman numfashi. Uwar da ke yin haka ƙauna ce ta sa ta, tsoro take kada ɗanta ya rame, kuma haka ta ga an yi wa ƙannenta. Amma kunun nan kan kauce hanya ya faɗa huhu, ya zama ciwon haƙarƙari, wani lokaci ma rai ya tafi a hannun mai ɗurar. Wanda ya tsira kuma ya koyi cewa cokali abokin gaba ne. Yaro kan ƙi sabon ɗanɗano sau da dama kafin ya karɓa. Wannan ɗabi'arsa ce. A zaunar da shi, a dubi idonsa, a yi masa magana, in ya kau da kai a bari sai anjima. A wanke masa hannu da sabulu a ƙyale shi ya damƙi abinci ya shafe fuska. Rigar za ta wanku.

A nan ne daɗin reno yake, kuma da yawanmu muna barinsa ya wuce mu. Ranar da jariri ya fara ɗanɗana gwanda ya yamutsa fuska, sannan ya buɗe baki yana neman ƙari, ranar ba ta dawowa. Al'adarmu ta alkunya takan hana uwa wasa da ɗan fari a gaban mutane, ko sunansa ba ta faɗa. Ina girmama kunya, ado ce. Sai dai yaron da ake yi wa murmushi ana ba shi abinci ya fi ci, don haka ina roƙon surukai da kakanni: Hajiya, ki ba yarinyar nan dama ta yi dariya da ɗanta, ki ma fara yi ta gani.

Ku kuma maza, aikinku bai ƙare a kuɗin cefane ba. Malam, in ka dawo daga kasuwa da yamma, karɓi kofin ka zauna a tabarma. Uwar ta samu ta yi wanka ta huta, kai kuma ka san abin da ɗanka ke so da abin da yake tofarwa. Uwar da ta kwana ba barci, ta wuni tana daka, ita ce ke gajiya ta koma ɗura.

Idan kuma kuka ga yaro ya daina ci kwata-kwata, ko yana gudawa, ko ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja, wannan na iya zama alamar tamowa. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kai shi asibiti ranar nan, a gwada damtsensa.

Allah Ya raya mana su.