Gani Ya Kori Ji: Jawabi Kan Gidan Namun Daji Da Tarbiyyar 'Ya'yanmu

Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwa 'yan kasuwa mazauna Jalingo, muna yi muku barka da zuwa.

Abin da ya tsayar da mu gabanku yau shi ne maganar namun daji. Wani zai ce ina ruwan ɗan kasuwa da wannan? To, a yi haƙuri a saurara.

Mu da muka haura hamsin mun tashi muna ganin ungulu jingim a kowace mahauta, tana kwashe mushe da ƙazanta ba a biyanta ko kwabo. Yau fa? Sai ka yi wata ba ka ga ko ɗaya ba. A 2015 masana na duniya suka sanya irin ungulun nan tamu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, kuma cikin dalilan har da cinikin kanta da ƙafafunta don haɗa magani. Wannan ciniki kuwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya, a kasuwa ake yinsa. Yaro yana jin "ungulu ba ki jewar banza", amma bai san kamanninta ba.

A nan ne amfanin gidan zu yake. Ba wurin yawon Sallah ba ne kawai, makaranta ce. Yaron da ya tsaya gaban kura ko jimina a gidan zu na Audu Bako da ke Kano, aka bayyana masa cimarta da mazauninta, zai gane cewa kowace halitta da aikinta, in ta ɓace kuma sai an ji a jika. Haka gidajen kifi na gilashi da ke manyan biranen duniya suke nuna wa jama'a abin da ruwa ya ɓoye.

Amma mu nan Taraba mun fi mai keji gata. In ka bi hanyar Bali zuwa Serti, ga gandun dajin Gashaka-Gumti nan, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar nan. Ya fi murabba'in kilomita 6,000, babu gandun ƙasa da ya kai shi girma a Nijeriya. Akwai ɓauna da dorina da birai iri-iri, har da cimfanzi mai kama da mutum. Turawa na tasowa daga Ingila su yi nazari a can, mu kuwa muna wucewa da lodin kaya ba ma ko waiwaye.

Saboda haka muna roƙon abu biyu. Na farko, mai zuwa gida Kano da iyali ya ware yini guda ya kai yara gidan zu, makarantunmu kuma su shirya ziyara Serti. Na biyu, duk wanda aka kawo wa fatar damisa ko kan ungulu a rumfarsa, ya ce ba ya saye. Ƙasar nan ta karɓe mu, mun ci arzikinta, bai kamata a ce da hannunmu aka ƙarar da dajinta ba.

Allah ya sa mu gane.