Jawabin Ƙaddamar da Aikin Tattara Tarihin Baka a Shanga

  

Ku ba ni dama in ɗan kai ku nesa da bakin Kwara.

A 1942 sojojin Japan suka ƙwace Malaya da Boma daga hannun Ingila. Suka tasa fursunonin yaƙi wajen 60,000 a gaba, suka sa su shimfiɗa layin dogo mai kilomita 415 daga Tailan zuwa Boma, cikin kurmi da damina, ga yunwa ga kwalara. Kimanin 12,000 suka mutu. Yawancinsu an san kabarinsu, da suna rubuce a kai. Talakawan Asiya da aka kwaso aikin nan kuwa, waɗanda suka mutu a cikinsu sun kai wajen 90,000, kuma akasarinsu ko sunansu ba a rubuta ba. Wannan bambanci ne ke ci mini rai.

Abin bai tsaya can ba. Da Malaya ta faɗi, Ingila ta rasa kuzar da take samu, sai ta waiwayo Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar maza daga lardunan Arewa, ta hannun En'e, zuwa haƙar kuza ala tilas. Ɗiban gwamna ke nan. Manomi ya bar gonarsa, ya tarar da sanyin Filato ba bargo, abinci kuma ba ya isa. Mutane da dama can ajali ya riske su. Wasu samarin kuma aka sa musu kaki, aka kai su Boma ɗin su fuskanci Japan.

'Ya'yana 'yan makaranta, masu wannan labari sun kusa ƙarewa, sai 'ya'yansu da jikokinsu. Ku shiga Shanga da Dugu Tsoho, ku gangara Yelwa da Ngaski, har garuruwan da aka sake wa matsuguni saboda madatsar Kainji a 1968. Ku durƙusa gaban tsofaffi. Ku tambayi wa aka ɗiba, wa ya dawo, wace uwa ta noma gona ita kaɗai. Wanda ya ba ku labari da Shanganci ko Gunganci, ku naɗa da harshensa, kuma ku rubuta kowane suna cikakke, da na mahaifi da na ƙauye.

Da sunan Allah nake ƙaddamar da wannan aiki. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya mai da kowa gida lafiya.