Kafin mu ɗauki kuɗin akwati mu zuba a noman rani



Yau maganar ruwa ce ta tara mu. Ƙungiyoyi da dama a nan Kura da Bunkure da Garun Malam sun fara shawarar ciro kuɗi daga akwati su kama hayar gona a bakin kanal, su yi noman rani da sunan ƙungiya. Shawara ce mai kyau. To amma kowacce a cikinmu ta san yadda kuɗin nan ya taru: wata da ƙuli-ƙuli, wata da turara shinkafa, wata sai da ta sayar da akuya. Saboda haka kafin masu makulli su buɗe akwati, akwai tambayoyi uku da ya kamata mu samu amsarsu.

Ta farko: ruwan zai iso gonar kuwa?

Ruwan da muke gani a kanal daga madatsar Tiga yake fitowa. An kammala ta a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano, kuma yanzu Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da ita. Da damina dam ya tara ruwa, da rani a riƙa saki da lissafi. Masu jiran wannan ruwa suna da yawa. Ga gonakinmu. Ga birnin Kano, da ke ɗiba daga kogin a matatar ruwa ta Tamburawa. Ga mutanen Wudil da Ringim da Haɗeja har zuwa Nguru a Jihar Yobe, masunta da makiyaya da manoman fadama, waɗanda abincinsu ya rataya a kan abin da aka saki daga Tiga da madatsar Challawa. Ga kuma rana, wadda daga Maris zuwa Mayu take shan nata kason ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Idan an saki ruwa, babban kanal yake bi, ya rabu cikin ƙanana, har ya kai ga 'yar hanyar da ke shiga gona. Wanda ke kusa da ƙofar ruwa shi ke fara sha. Na ƙarshen layi kuwa, idan ciyawa da yashi sun cushe hanya, ko wani ya tare a gaba, sai ya yi ta jira shuka tana yaushi. Na gaba ya yi gaba, na baya sai labari. Don haka idan an ce muku ga gona da araha, ku tambaya: a farkon layi take ko a ƙarshe? Ku tambayi maƙwabtan gonar, ban da mai ita, sau nawa ruwa ya yanke musu bara. Ku tambayi shugabannin ƙungiyar masu amfani da ruwa ko za a rufe kanal don gyara a bana, da kuma yaushe.

Ta biyu: nawa ruwan zai ci mana?

Da yawa idan an ce kuɗin ruwa, abin da ake biya a karɓi rasit kawai suke ƙirgawa. Wannan ɗaya ne daga ciki. Akwai gudummawar yashe kanal. Akwai ladan wanda zai riƙa yi mana ban ruwa, wani lokaci da tsakar dare. Sannan akwai babban cikinsu, wato ranar da ruwa bai zo ba, dole a nemi hayar inji, a sayi fetur, a jawo ruwa daga rijiya ko kududdufi. Gonar da aka kama da araha a ƙarshen layi, fetur kaɗai yana iya cinye ribarta.

Abin da za mu shuka ma yana da nasa lissafin. Masana noman shinkafa sun ƙiyasta cewa kilo ɗaya na shanshera yana buƙatar kamar lita 2,500 na ruwa a gona. Wato jarka 100 ke nan mai cin lita 25, a kan kilo ɗaya tak. Alkama da albasa da tumatir ba sa shan haka. Wadda gonarta ke inda ruwa ke wuya, kada ta ce lallai sai shinkafa.

Ga yadda za mu yi lissafin, ko da ba kowa ke karatu ba. A shimfiɗa tabarma, a kawo ƙwayar masara, kowace ƙwaya a ɗauke ta Naira 1,000. A yi tsibi na haya, na iri, na taki da magani, na ƙwadago, na kuɗin mota, na kuɗin ruwa, sannan na fetur ko da ana fatan ba za a buƙace shi ba. Sakatariya ta rubuta, kowa tana gani da idonta.

Ta uku: wa zai saya, kuma a wane farashi?

Duk mun san Kwanar Gafan. Idan tumatir ya fito gaba ɗaya, kwando yakan faɗi warwas, har wasu su yanka su shanya a ƙasa. Mun kuma tuna 2016, shekarar da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a yankin nan. Albasa ana iya ajiye ta har ta yi daraja, in akwai wuri mai iska. Alkama tana son sanyin hunturu, don haka daga Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake shuka ta, kuma masu gurasa da alkaki da finkaso suna nemanta. Shinkafa kuwa, mu da kanmu kasuwa ce, tunda muna turarawa mu kai inji. Idan za ku ƙirga abin da zai shigo, ku ɗauki farashin lokacin da kaya suka yi yawa, kada ku ɗauki na lokacin tsada. In da wannan farashin ma tsibin shiga ya fi na fita, to a ci gaba. In bai fi ba, a haƙura bana, ba abin kunya ba ne.

Sai abu ɗaya da nake roƙonku. Idan kun kama gona, ku yi rajista da ƙungiyar masu amfani da ruwa da sunan ƙungiyarku, ku faɗi girman gonar da abin da za ku shuka. A wurin taronsu ake tsara ranakun ban ruwa, kuma wadda ba a rubuta sunanta ba, ba za a ƙirga buƙatarta ba. Wadda ba ta fita, ta tura maigida ko ɗanta, amma rasit ya dawo hannun ma'aji. Yarjejeniyar haya a rubuta ta a gaban mai unguwa da shaidu. Asusun taimakon gaggawa, na haihuwa da rashin lafiya, kada a taɓa shi ko kwabo. Kuma kada a zuba duk abin da ke cikin akwati a gona ɗaya.

Kafin zama na gaba, ku zaɓi mutum uku. Ɗaya ta binciko labarin ruwan gonar, ɗaya ta haɗo farashin kayan aiki, ɗaya ta jiyo kasuwa. Idan sun dawo sai mu shimfiɗa tabarma mu ƙirga tare. Mai tambaya yanzu ta ɗaga hannu. Allah ya sa wa nemanmu albarka.