Jami'a a Cikin Waya: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani

 

A ranar 16 ga Maris 2020 aka rufe makarantu a duk faɗin Gana saboda cutar korona. Jami'ar Gana da ke Legon ta mayar da darussa kan manhajar Sakai, inda malami ke ɗora karatu, ɗalibi ya sauke a waya ko kwamfuta, ya yi aikin da aka ba shi ya mayar. Cutar ta lafa, amma hanyar ta zauna. Yau Legon da Jami'ar Cape Coast da KNUST ta Kumasi duk suna da shirin karatu daga nesa, 'yan'uwanmu na Najeriya kuwa suna da jami'ar NOUN.

Alherin wannan hanya a fili yake. Yarinyar da ta yi aure tana goyo, da saurayin da ke tsaron shagon mahaifinsa, kowannensu na iya neman digiri ba tare da ya bar gida ko sana'a ba. Sai dai akwai abubuwa uku da nake roƙon ku riƙe.

Na farko, ku bincika kafin ku biya. Na san wata baiwar Allah mai sayar da koko da ƙosai, wadda ta kwashe kuɗin adashinta ta tura wa wani mutum ta MoMo, bayan ya yi wa ɗiyarta alkawarin takardar aikin jinya cikin wata shida ta intanet. Ba kuɗin, ba takardar. Hukumar GTEC ce ke tantance manyan makarantu a Gana, kuma tana wallafa sunayen waɗanda ta amince da su. A duba sunan makarantar, a duba kwas ɗin kansa. Aikin jinya kuwa, ni da na yi shi ina shaida muku: sai an tsaya a kan marar lafiya a asibiti, an ci jarrabawar Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma, sannan a sami lasisi. Araha ba ta ado.

Na biyu, ku sa kuɗin data cikin lissafin kuɗin makaranta. Darasin bidiyo kai tsaye ya fi cin data. Wanda ake karantawa a rubuce ya fi sauƙi. Ɗalibi ya sauke darussansa ya ajiye, ya cika wayarsa da caji tun dumsor bai zo ba, musamman ranar jarrabawa.

Na uku, ku ba su lokaci. A gidajenmu na haya, da zarar an ga yaro riƙe da waya sai a ce ya tashi ya je aike. Iyayena, wanda ke cikin darasi a waya, a aji yake. A ware masa sa'a biyu da wani lungu mai shiru, mace ko namiji. Ku kuma tambaye shi abin da ya koya, ku ce ya nuna muku sakamakonsa, domin waya ɗaya ce ke ɗauke da darasi da kuma abin shagala.

Idan takardar makaranta ta shige muku duhu, kada ku ji kunya, ku kai wa wani malami da kuka amince da shi ya karanta muku kafin ku fitar da ko sidi ɗaya. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka, ya ba da kasuwa.