Kafin Ka Kira Bajamushe Dakta

Yau Jamus za mu leƙa, musamman saboda yaranmu masu shirin tafiya can neman ilimi.

Idan aka gabatar maka da mutum a Jamus, kada ka yi garajen kiran sa da sunan yanka. Namiji a ce masa Herr, mace a ce mata Frau, sai sunan iyali ya biyo baya. In yana da digiri na uku, sai Doktor ya shiga tsakani: Herr Doktor Müller. Shi kuwa farfesa, ko da ka tarar da "Prof. Dr. Dr." jere a ƙofar ofishinsa, babban kawai za ka ɗauka, ka ce Herr Professor Müller. A haka za ku yi ta tafiya har ranar da shi da bakinsa ya ce a ajiye laƙabin, domin babba ne yake ba da wannan izini.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke tsare martabar laƙabin Doktor. Ana iya rubuta shi a fasfo da katin ɗan ƙasa. Sashe na 132a na dokar laifuffukansu ya tanadi tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga duk wanda ya ɗora wa kansa laƙabin da bai mallaka ba. Likitan da ke duba marasa lafiya ma, in bai rubuta kundin bincike ba, bai isa ya sa Dr. a gaban sunansa ba. Wanda aka bai wa digirin girmamawa kuwa dole ya ƙara "h.c." don kowa ya san kyauta ce.

Ku tuna da Karl-Theodor zu Guttenberg, ministan tsaro matashi mai farin jini. A 2011 aka gano ya kwashi rubutun wasu ya cusa a kundinsa, Jami'ar Bayreuth ta janye digirin, cikin 'yan kwanaki ya sauka daga kujera. A 2013 irin wannan ta faɗa wa ministar ilimi kanta, Annette Schavan.

To, ɗalibi, ka duba sunan malaminka da kyau kafin ka aika masa wasiƙa. Kai kuma Alhaji mai digirin girmamawa, in tafiya ta kama ka zuwa Jamus, don Allah ka gyara katin sunanka tun daga gida.