Ƙamus ɗin Bargery da Maganar da Ba ta Shiga Littafi Ba



An nemi in yi magana a kan littafin da mutum zai buɗa idan karin magana ta shige masa duhu, ko kirari ya gagare shi fassara. To, har yau babu rumbun da ya kai ƙamus ɗin G. P. Bargery tara irin wannan dukiya, ko da yake da sunan ƙamus ya fito.

Bargery Baturen Ingila ne, ɗan mishan, wanda daga baya ya koma aikin ilmi na Gwamnatin Jihar Arewa. A 1921 aka ɗora masa aikin, kuma a nan Kano ya kafa sansaninsa. Littafin bai fito ba sai 1934, daga maɗaba'ar Jami'ar Oxford, shafi fiye da 1,200, kalmomi kimanin 39,000. Mutumin bai tsaya ga ma'anar kalma kurum ba. Yakan kawo kalma, ya nuna karin sautinta da tsawon wasalinta, ya ce wannan ta Katsinawa ce, waccan ta Sakkwatawa, sa'an nan ya biyo ta da karin magana ko habaici ko kirarin da take fitowa a ciki. Sau da yawa mai neman kalma ɗaya yakan shagala, ya ci shafi uku bai sani ba.

Akwai waɗanda suka riga shi. Merrick ya tara karin magana a 1905, Frank Edgar ya buga tatsuniyoyi juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, daga rubuce-rubucen ajami na malamai. Amma dukansu hali ɗaya gare su. Maganar ta iyayenmu ce, malamanmu ne suka zauna aka yi ta tambayarsu, alhali kuwa sunan Bature ne a bango, bayanin kuma Baturen mulki aka nufa da shi, mai shirin jarrabawar Hausa. Ba na zargin Bargery da wannan. Aikin da aka sa shi ya yi, ya kuwa yi shi da gaske. Abin da ya dame ni shi ne, sai a 2006 Jami'ar Bayero ta fitar da ƙamus mai fassara Hausa da Hausa, watau shekara 72 bayan nasa.

Ku dubi misali ɗaya. A 1966 Kirk-Greene ya buga karin magana 500, ya sa wa littafin suna Hausa Ba Dabo Ba Ne. Yaron Kano da ya ga wannan suna, zuciyarsa za ta tafi ga Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya hau gadon sarauta a 1819, tun da shi ake yi wa birnin nan kirari da shi. Alhali dabon da ake nufi shi ne rufa-ido. A baki ba su zama ɗaya ba, boko ne ya haɗa su. Idan babu littafin da zai warware wa yaro wannan cikin harshensa, ina zai dosa?

An sake buga Bargery a Zariya a 1993, tare da ƙarin kalmomin da Neil Skinner ya tattara. Duk da haka, ku shiga kasuwar Ƙofar Ruwa da hantsi, ku kasa kunne ga masu sayar da rodi da kayan mota. Za ku ji zaurancen ciniki, da laƙabin da suke yi wa ƙarfe mai kyau da na jabu, da habaicin dillali ga mai taya kaya bai saya ba. Kowace magana a cikinsu tana da labarin da ya haife ta, masu labarin kuwa dattawa ne. Bargery ya yi shekara 13 kafin nasa ya fito. Mu da muke kwana a unguwar nan, littafin rubutu da alƙalami da gaisuwa ta ladabi sun ishe mu mu fara.