"Yana Kamawa": Jawabi ga Direbobin Manyan Motoci a Ƙofar Mai Unguwa

 

Kakin nan ya riga ya gaya muku daga Hukumar Kiyaye Haɗurra nake. Ba zan tsaya koya muku mene ne birki ba, don a cikinku akwai wanda ya fara murza sitiyari tun kafin a kafa hukumar tamu a 1988. Abin da ya kawo ni shi ne, Asabar uku ke nan muna kafa rumfa a bakin tasha da bakanike biyu, muna jiran a kawo manyan motoci a duba birki kyauta. Waɗanda suka zo ba su cika yatsun hannuna ba. Alhali da safen nan, daga bakin titi zuwa nan, na wuce Canter biyu da DAF ɗaya an ɗage su a ƙofar gida, an kwance taya, ana fama.

Na ji ana cewa wai tarko ne, in ka kawo mota za mu riƙe ta. A gaban Mai Unguwa nake faɗa, a rumfar nan ba a yanka wa kowa takardar tara. An gama wannan. Maganar da ta hana ni barci ita ce wadda kowa ke ba ni kamar kun haɗa baki: "Ofisa, ni na gyara abina da hannuna, na gwada, yana kamawa."

Yana kamawa a ina? A cikin lungu, mota fayau ba kaya, durom da sanyinsa, gudun da mai keke zai wuce ka. A haka ko birkin da ya mutu zai kama. Ni ba a lungu nake tsinto ku ba. Ku da kuke bin hanyar Jos zuwa Akwanga kun san Hawan Kibo. Tirela ta ɗauko buhun siminti 600, tan 30 ke nan ban da nauyinta, ta kama wannan gangara. Duk nauyin nan da gudun nan, birki zafi yake mayar da su. Durom in ya yi zafi sai ya buɗe, ya yi nesa da takalmin birki, layin da ya riga ya cinye kuma ya koma santsi. Kana takawa, mota tana tafiyarta. Kuma in ka ninka gudu, aikin da ke kan birki sau huɗu yake ƙaruwa, ba sau biyu ba. To, gwajin lungu me ya shaida maka game da wannan?

Bari in ba ku labari. Kwanaki aka kira mu, wata Canter da ta ɗauko albasa ta afka rami a wata gangara. Allah ya taƙaita, yaron mota ne ya karye a cinya. Da muka isa direban yana rantsuwa birki ya shanye masa, ƙafa har ƙasa. Sai ya hau ya taka a gabanmu, birki ya tsaya ƙyam. Ya dube ni ya ce, "Ka gani ko, Ofisa? Wannan ba yin kanta ba ne, hannu aka sa min." Na buɗe kofin man birki, sai ga kumfa. Ruwan Omo ne. Ruwa yana tafasa a maki 100. Man birki na gaske, mai DOT 3 a jikin gwangwani, ba ya tafasa yana sabo sai ya haura 200. Ruwan ya tafasa a cikin bututu ya zama tururi, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, ba ya tura komai. Kafin mu iso ya huce ya koma ruwa, birki ya dawo. Ba sammu, ba aljani. Shi ma da safe ya gwada a ƙofar gidansa, ya kama.

Na san wani zai ce shi ba ya zuba ruwa. To, kai mai toshe bututu fa? Taya ɗaya tana yoyon mai, maimakon a canja roba sai a kwance bututun a cusa ƙusa, ko a lanƙwasa shi a daddake. Yoyo ya tsaya, feda ta yi tauri, har ta fi da tauri, sai ka ce ka gyara. Abin da ka yi shi ne ka sallami taya ɗaya daga aiki. Ranar da yaro ya tsallako titi ka taka da ƙarfi, motar za ta fizge zuwa ɓangaren da ke kamawa, kai da sitiyari sai kallo. Haka mai canja layi a taya ɗaya ya bar ta ɗaya ɓangaren da tsoho. Ana canja su ne biyu-biyu, hagu da dama.

Masu birkin iska, kada ku yi murmushi, naku ya fi ba ni tsoro. Layi ya ƙare, sai a yi ta ɗaure ajasta, yau a ƙara, jibi a ƙara, har ƙusoshin da ke riƙe da layin su fito suna cin durom. Na taɓa tsayar da wata tirela, na leƙa bayan kai, sai na ga an naɗe bututun iskar da ke zuwa bodi an ɗaure shi da waya, birkin bayan kuma an kwance shi. Kan motar kaɗai ke riƙe da duk kayan. Na tambayi direban, dattijo ne sa'an babana, ya ce, "Ɗana, wata biyu nake tafiya a haka." Wata biyu Allah yana rufa asiri. Wallahi ban iya yi masa faɗa ba, zama na yi a bakin titi muka yi shiru.

Don Allah, yayyena, ku daina ba ni amsar nan ta "yana kamawa". Ban ce ba ku iya aiki ba. Akwai wanda a cikinku ya fi wani bakaniken sanin mota. Amma ƙafarka ba ta ganin kaurin layi, ba ta ganin tsagewar durom, ba ta jin iskar da ke zurarewa a hankali. Sai an buɗe an auna. Shi ke nan abin da muke yi a rumfar, ba ya cin rabin awa.

Kuma na ga masu motoci a zaune a gaba. Alhazai, da ku nake. Direba ya ce a sayi layi, ka ce ya lallaɓa ya je ya dawo. Ya lallaɓa da me? Kuɗin layi da roba da gwangwanin mai bai kai kuɗin taya ɗaya ba, ku kuka fi ni sanin farashi. Shi kuma yana tsoron ka karɓe makulli ka ba wani, sai ya koma gida ya nemo ƙusa.

Lokacin salla ya matso, bari in haɗa sauran. In dai sai ka taɓa a gida, sa weji, kada ka shiga ƙarƙashi a kan jak kaɗai. Kada ka hure ƙurar durom da baki ko da iska, tana lalata huhu, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. In ka buɗe bututun mai, a fitar da iska kafin a tashi. Tankin iska a zubar da ruwansa kullum. Tukunyar birkin nan mai sifirin a ciki kuwa kada wanda ya kwance ta, sifirin ɗin yana kisa. A gangara giya ta ƙasa, ban da firi. In an yi haɗari a kira 122.

Asabar muna nan daga ƙarfe takwas. Shugaban direbobi, ina roƙon ka fara kawo taka, in sun ga ta koma gida za su biyo. Mai DAF ɗin da ke kusa da famfo kuma, ban san ko yana nan ba, a kan bulon ƙasa jak ɗinsa yake, kuma na ga yara biyu suna wasa a ƙarƙashi. Wani ya tashi yanzu ya je ya kore su.